Wa ke da iko a karate, kuma gasar wa ke kai yaro gaba? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye da ɗalibai suka saba yi mana a wuraren atisayen karate na Garwa, a arewacin Kamaru, wasu kuma 'yan'uwa ne suka aiko ta WhatsApp daga Marwa da Ngaundare da Kusseri. Galibinsu abu ɗaya suke zagayawa: wa ke da iko, takardar wa ke aiki, wace gasa ce ke kai yaro wani wuri. Mai neman koyon naushi da shuri sai ya zo fili, nan maganar hukuma da doka za a yi.

Metir (malamin karate), wai wa ke shugabancin karate a duniya?

In ana nufin gasar da ƙasashe ke tura wakilai da tuta da taken ƙasa, amsar ɗaya ce: Hukumar Karate ta Duniya, WKF. Hedikwatarta tana Madrid ta ƙasar Sifaniya, kuma ɗan ƙasar, Antonio Espinós, ya hau shugabancinta a 1998. Ƙasashe kusan 200 ne ke cikinta, ita kaɗai ce kuma Kwamitin Olamfik na Duniya ya sani a harkar karate. A ƙarƙashinta akwai hukumomin nahiyoyi biyar, tamu ta Afirka ita ce UFAK. Sai hukumar ƙasa, wadda a Kamaru ake kira FECAKADA, sai lig, wato reshenta na kowace jiha: Arewa a Garwa, Arewa Mai Nisa a Marwa, Adamawa a Ngaundare. Daga ƙasa can sai kulob ɗin unguwa da ɗanka ke zuwa da yamma.

In kuwa karate ɗungurungum ake nufi, da makarantunsa da malamansa da ɗamarunsa, to ba shi da shugaba, bai kuma taɓa yi ba.

Me ya hana shi zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya kamar judo?

Tun asali ba haka ya taso ba. Judo mutum ɗaya ne ya kafa shi, Jigoro Kano, a 1882, da makaranta ɗaya, Kodokan. Karate kuwa ya girma ne a tsibirin Okinawa a hannun malamai da dama, wasu a garin Shuri, wasu a Naha, wasu a Tomari, kowa da almajiransa da irin koyarwarsa. A 1922 Gichin Funakoshi ya je Tokiyo ya nuna wa mutanen Japan abin, ya kuma yi zamansa can. Koyarwarsa ce ta zama Shotokan, wadda ta fi yawa a nan wajenmu. Kenwa Mabuni ya zauna Osaka da Shito-ryu. Chojun Miyagi ya riƙe Goju-ryu. Hironori Otsuka, wanda ya ƙware a jujutsu kafin ya zauna gaban Funakoshi, ya ware ya kafa Wado-ryu. Kafin a fara maganar gasar duniya ke nan an riga an sami manyan gidaje huɗu, ban da ƙananan da suka rage a Okinawa.

Sai kuma rabuwar da ta fi muni, ta cikin gida. Almajiran Funakoshi sun kafa ƙungiyar JKA a 1949, Masatoshi Nakayama ya zama babban malaminta, suka shirya gasarsu ta farko ta Japan baki ɗaya a 1957, shekarar da Funakoshi ya rasu. Wasu almajiran, irin su Shigeru Egami, ba su yarda da gasa ba sam, suka tsaya a Shotokai. Hirokazu Kanazawa, wanda ya ci kumite, wato karawar mutum biyu, a wannan gasa ta 1957 da karyayyen hannu, daga baya ya bar JKA ya kafa tasa, SKIF, a 1978. Da Nakayama ya rasu a 1987 JKA ta dare gida biyu, kowa na cewa sunan nasa ne, aka yi ta shari'a har 1999. Haka ta faru da Kyokushin, karaten da ake dukan gaske: Masutatsu Oyama ya rasu a 1994, ba a daɗe ba ƙungiyarsa ta tarwatse gida-gida, kusan kowane na shirya tasa gasar duniya. Babban malami ya rasu bai bar tsari a rubuce ba, ga suna ga kuɗin jarrabawa na shigowa daga ƙasashe. Ba sai na yi wa Bahaushe dogon bayani a kan rigimar gado ba.

An taɓa yunƙurin haɗa kansu kuwa?

An sha yi. Japan ta fara a gida a 1964, ta tara manyan makarantun ƙarƙashin hukumar ƙasa ɗaya. Turawa suka kafa tasu a 1965 da jagorancin Bafaranshe Jacques Delcourt. A 1970 Delcourt da attajirin Japan Ryoichi Sasakawa suka haɗa hannu aka kafa hukumar duniya mai suna WUKO, aka yi gasar duniya ta farko a Tokiyo a shekarar. Tafiyar ba ta yi nisa ba. A gasa ta biyu, a Faris a 1972, 'yan Japan suka fice saboda hukuncin alƙalai. Bayan shekara biyu Hidetaka Nishiyama, babban malamin Shotokan da ke zaune a Amurka, ya kafa kishiyar hukuma, IAKF, wadda daga baya ta koma ITKF. A 1975 an yi gasar duniya biyu a jiha ɗaya ta Amurka, Kalifoniya: ta WUKO a Long Beach, ta Nishiyama a Los Anjalis.

Abin da ya raba su ba son girma ba ne kaɗai, ko da yake akwai shi. Ɓangaren Nishiyama na ganin karate shi ne bugu ɗaya tak mai gama faɗa, don haka gasa ta tsaya a kan maki ɗaya cikakke. Ɗaya ɓangaren na son wasa mai sauri, mai maki da yawa, wanda ɗan kallo zai gane kuma talabijin za ta ɗauka.

Kwamitin Olamfik ya amince da WUKO a 1985, ɓangaren Nishiyama ya ƙi yarda, kwamitin ya ce su je su daidaita tukuna. Aka yi ta zama a farkon shekarun 1990, ba a daidaita ba. A cikin wannan tsakanin ne WUKO ta sauya suna zuwa WKF, kuma a 1999 kwamitin ya tabbatar mata da amincewa ita kaɗai. A ganina waɗannan shekaru sha huɗu su ne asarar da karate bai farfaɗo daga ita ba. Ana wannan ja-in-ja taekwondo na Koriya ya shige Olamfik a Sidni a 2000, ya zauna daram.

To, waɗanda ba sa cikin WKF 'yan damfara ne ke nan?

A'a, Alhaji, kada mu ɗauki alhaki. JKA da SKIF da manyan gidajen Kyokushin da makarantun Okinawa suna da malamai na gaske, wasu ma sun fi 'yan gasa sanin asalin abin nesa ba kusa ba. Nanbudo, wanda Yoshinao Nanbu ya kafa a 1978, yana da mabiya sosai a Kamaru kuma yana tafiya da nasa tsarin. Mutane da yawa ma ƙafa biyu suke da ita: suna koyo a makarantar salonsu, suna gasa a ƙarƙashin hukumar ƙasa, ba abin da ya ɓaci.

Abin da ya kamata uba ya sani shi ne kowace hanya da inda take ɓullewa. Gasar salo tana ba yaro gogewa da kofi. Tawagar ƙasa da gasar Afirka da Wasannin Afirka kuwa ta lig da federasiyon, wato hukumar ƙasa, kaɗai ake shigarsu. Malamin da ya gaya maka haka tun ranar farko mai gaskiya ne, ko daga wane gida yake. Wanda ya ɓoye maka shi ne abin tsoro.

Wani ya zo garinmu yana cewa shi zakaran duniya ne. Ta yaya za mu gane?

Ku tambaye shi abu uku cikin ladabi: wace hukuma, wace shekara, wane gari. Ƙungiyoyin da ke kiran gasarsu ta duniya suna da yawa, wasu manya ne, wasu kuwa ɗakin wasanni guda suke kamawa, a raba aji-aji har a sami ajin da mutum uku ne kacal a ciki, kowa ya koma gida da lamba a wuya. Gasar manya ta WKF sananniya ce: Madrid a 2018, Dubai a 2021, Budapest a 2023. A Afirka an yi ta a Alƙahira a 1988 da Sun City ta Afirka ta Kudu a 1996. Sakamakonta yana intanet, da jerin matsayin 'yan wasa. Wanda ya ci ta, sunansa ba ya ɓuya.

Ɗana ya samu santir nuwar, wato baƙar ɗamara, a wani estaj, horon 'yan kwanaki. Tana aiki?

Ya danganta da wanda ya sa hannu. Tsarin ɗamara da matakan dan, wato matakan baƙar ɗamara, daga judo aka aro shi, Funakoshi ya ba da na farko a karate a 1924, kuma tun daga lokacin kowace makaranta ke ba da nata. A Faransa doka ce ta tsare abin, kwamiti na musamman na hukumar da gwamnati ta ɗora wa alhaki ne kaɗai ke ba da dan. A yawancin ƙasashe kuwa ba mai hana kowa buga takarda.

Na ga yadda abin ke ƙarewa a wata gasa. Wani baƙon malami ya zo ya yi estaj na 'yan kwanaki a farfajiyar wata makaranta, ya karɓi kuɗi, ya raba takardu masu bakin zinare da rubutun Japan da jan hatimi. Ranar gasa wani uba ya kawo ɗansa a bayan babur, takardar na cikin leda don kada ƙura ta taɓa ta. A teburin sakatare aka bi jerin sunaye da biro daga sama har ƙasa, aka juya shafi, ba sunan yaron, ba na kulob ɗinsa. Uban ya zaro takardar ya miƙa. Sakataren ya duba, ya ce, "Baba, takarda ta yi kyau, amma lisans nake nema." Yaron ya wuni a kan benci cikin farin kimono da aka goge masa tun dare, jakarsa a cinya, yana kallon yaran da ya fi su iyawa suna shiga fili.

Ɗamarun ƙasa, daga fara zuwa ruwan ƙasa, malamin kulob ne ke yin jarrabawarsu, ba laifi. Baƙar ɗamara kuwa, in ana so ta yi amfani wajen zama koci ko alƙalin wasa, a yi jarrabawarta gaban kwamitin da hukumar ƙasa ta sani. Wanda ya riga ya samu ta salo ya tambayi lig yadda ake daidaita ta.

Shi lisans ɗin mene ne amfaninsa?

Shi ne shaidar cewa hukuma ta san da yaron. Ana sabunta shi kowace kakar wasa ta hannun kulob, kulob ɗin ma sai ya yi rajista. Ku nemi rasit, ku nemi ganin katin da idonku. Ku kuma tanadi takardar haihuwa tun da wuri, domin gasa aji-aji ce ta shekaru: kadet 14 zuwa 15, juniyo 16 zuwa 17, sai 'yan ƙasa da 21, sai manya. Yara da yawa a jihohinmu ba su da wannan takarda, kuma ba a samunta a mako guda in lokaci ya ƙure. Rage shekaru kuwa ban ba kowa shawara ba. Ɗan shekara 19 da aka sa cikin 'yan 15 yana iya karya ɗan wani.

Yaya ake ƙirga maki a kumite? Muna kallo ba ma ganewa.

Fili murabba'i ne, mita 8 kowane gefe. Ɗaya na ɗaure da jar ɗamara, aka, ɗaya da shuɗiya, ao. Ba a shiga da ɗamarar matsayi. Faɗan manya minti 3 ne, maza da mata. Naushi mai kyau a kai ko a jiki maki 1 ne, yuko. Shuri a jiki maki 2, waza-ari. Shuri a kai, ko bugun da aka kai wa wanda aka kayar, maki 3, ippon. Wanda ya ba da ratar maki 8 ya gama, ko lokaci bai cika ba. Alƙalai huɗu ne a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya, kuma sai biyu aƙalla sun ga makin kafin a ba da shi. Ba taɓawa kawai suke dubawa ba. Suna duba tsayuwa, da ƙarfi, da dacewar lokaci, da tazara, da ko mai bugun ya ci gaba da sa ido a kan abokin karawarsa bayan ya buga. Shi ya sa za ku ga naushi ya shiga sarai amma ba a ɗaga tuta ba: yaron ya buga ya kau da kai.

Abin da ya fi rikita 'yan kallo shi ne senshu. Wanda ya fara cin maki shi kaɗai, ba tare da ɗayan ya ci a lokaci guda ba, yana riƙe da fifiko, in aka tashi kunnen doki shi ya ci. Amma in ya shiga guje-guje ko rungume-rungume ko fita fili a daƙiƙa 15 na ƙarshe, sai a ƙwace. Na ga yarinya tana riƙe da senshu, maki biyu da biyu, aka buga ƙararrawar saura kaɗan. Ta ja baya taku ɗaya, ta ƙara, diddigenta ya taka wajen layi. Alƙali ya tsayar, ya yi mata gargaɗi, ya soke senshu. Mutanenta suna ta murna a bayan igiya ba su lura ba, sai da aka koma ga ra'ayin alƙalai aka ba wa ɗayar.

Ajin nauyi biyar ne kowane ɓangare. Maza: ƙasa da kilo 60, 67, 75, 84, da sama da 84. Mata: ƙasa da 50, 55, 61, 68, da sama da 68.

A dambe wanda ya kai mutum ƙasa shi ya yi kisa. Me ya sa a karate ake korar wanda ya sumar da abokin karawarsa?

Domin a dokar WKF abin da ake aunawa shi ne iya kai bugu inda ake so da cikakken ƙarfi, sannan a riƙe shi. Bugun da ya wuce kima laifi ne, in ya yi muni hansoku ne, an fitar da kai. Duniya ta ga haka a wasan ƙarshe na maza masu nauyi a Olamfik na Tokiyo: Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da 4 da 1, ya kai wa Sajjad Ganjzadeh na Iran shuri a sama, Ba'iraniyen ya faɗi a sume, aka ɗauke shi a gadon ɗaukar majinyata. Aka ba wanda ya suma zinare, mai shurin ya tashi da azurfa. A bisa doka alƙalan ba su yi kuskure ba. Amma ni dai ina ganin wannan dare ya cuci karate, don ba yadda za ka yi wa wanda bai san wasan ba bayanin da zai gamsu.

Mai son dukan gaske, Kyokushin na nan. Can ana shuri a cinya da kai, ana naushi a jiki ba safar hannu, naushin fuska ne kawai aka hana. JKA kuma har yau tana riƙe da tsohon tsarinta na maki ɗaya cikakke.

Kata fa? Mutum shi kaɗai yana faɗa da iska, ta yaya ake cin nasara?

WKF tana da jerin kata 102 daga salo daban-daban, a ciki ake zaɓa. Ana duba tsayuwa da numfashi da sauri da ƙarfi da daidaito. Da can tuta alƙalai ke ɗagawa, ja ko shuɗiya, a 2019 aka koma ba da maki, kuma an ci gaba da yi wa dokar kwaskwarima, don haka koci ya riƙa neman sabon kundin kowace shekara. A kata na ƙungiya mutum uku ne, a wasan neman lamba kuma sai sun nuna bunkai, wato yadda ake aiki da motsin a kan mutum. Naƙasassu ma kata suke yi a gasar WKF: masu keken guragu, da makafi, da masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Kata ba ya bukatar kayan kariya masu tsada, ga shi ana iya koyonsa a kan siminti. Ban san dalilin da ya sa yaranmu ke raina shi ba.

Karate yana cikin Olamfik ko ba ya ciki?

Ta leƙo ta koma. A 2005 a Singafo, a zaɓen sababbin wasannin Olamfik, ya kai matakin ƙarshe tare da sikwash, bai samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u ba. A 2009 aka ɗauki golf da rugbi. A 2013 aka mayar da kokawa. Sai da aka yi sabuwar doka mai ba birnin da ke karɓar baƙunci damar ƙara wasannin da yake so, na wannan karon kaɗai, sannan Tokiyo ta sa karate, aka amince ranar 3 ga Agusta 2016 a Rio. Annobar korona ta ɗage wasannin, aka yi karate daga 5 zuwa 7 ga Agusta 2021 a zauren Nippon Budokan. Zinare takwas aka raba, biyu na kata, shida na kumite, aka matse aji biyar zuwa uku. Ryo Kiyuna, ɗan Okinawa, ya ci kata na maza, Sandra Sánchez ta Sifaniya ta ci na mata. Afirka ta samu lambobi biyu, duka na Masar: tagulla ga Giana Farouk, zinare ga Feryal Abdelaziz, wadda ta zama mace ta farko da ta ciyo wa Masar zinaren Olamfik.

Faris ba ta ɗauke shi a 2024 ba, ta zaɓi rawar birekin da wasu uku, alhali Bafaranshe Steven Da Costa na cikin waɗanda suka ci zinare a Tokiyo. Los Anjalis ma ba ta sa shi a 2028 ba. Duk wanda ya ce maka zai kai ɗanka Olamfik da karate a yanzu, tambaye shi wace shekara.

To ina amfanin wahalar?

Gasar Afirka ta UFAK na nan, an ma yi ta a Yawunde a 2017. Karate yana cikin Wasannin Afirka, an yi shi a Barazabil a 2015, Rabat a 2019, da Akara a Maris 2024. Yana cikin Wasannin Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da Wasannin Duniya na World Games. Akwai kuma jerin gasannin Karate1 da WKF ta fara a 2011, waɗanda Maroko da Masar suka sha karɓar baƙuncinsu. Filin bai ƙare ba, kuɗin tafiya ne ya yi wuya.

'Yata tana so, amma ba za ta buɗe kai ba.

Hajiya, ba sai ta buɗe ba. Tun 2013 WKF ta amince da baƙin ɗankwali na musamman mai rufe gashi, sharaɗin dai kada ya rufe maƙogwaro. Kimono kuwa dogon wando ne da riga mai dogon hannu, da farar singileti a ciki. Mata da mata suke karawa. Abin da zan ce ki tsaya a kai shi ne wurin atisaye: ki je ki gani da idonki, a tashi kafin magariba, kuma duk tafiyar gasa a samu babbar mace a cikin tawagar.

Sunkuyawar da ake yi fa? Wasu sun ce ruku'u ne ga wanin Allah.

Iri biyu ce. Akwai gaisuwar tsaye, a ɗan rusunar da kai, wadda dokar gasa ta tanada a farko da ƙarshe, a kata ma rashin yinta na iya sa a fitar da mutum. Akwai ta durƙuso har goshi ya kusa ƙasa, wadda al'adar wasu makarantu ce, ba ta cikin dokar gasa, kuma mu ba ma yinta. Hukuncin ta farkon ba nawa ba ne, malamai sun yi magana daban-daban, kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi. Abin da na sani shi ne Masar da Iran da Turkiyya da Maroko suna cikin ƙasashen da suka fi ƙarfi a wannan wasa.

Muna Kusseri, yaron yana tsallaka gadar Ngeli yana atisaye a Njamena. Wace ƙasa zai yi wa wasa?

Ƙasar da yake riƙe da takardunta. Atisaye a ko'ina ana yi, amma tawagar ƙasa sai ɗan ƙasa. In kuna son ya bi layin Kamaru, ya yanki lisans a kulob da ke ƙarƙashin lig na Arewa Mai Nisa. Chadi tana da tata hukumar, kuma ita da Kamaru yanki ɗaya suke a UFAK, na Afirka ta Tsakiya. Masu zuwa Yola ko Mubi ma haka, sai dai Najeriya tana yankin yamma.

Me ya sa ba mu cika ganin yaran arewa a tawagar ƙasa ba?

Nisa ne na farko. Yawancin manyan gasanni da tarukan horo a kudu ake yinsu. Yaron Marwa sai ya wuni a mota zuwa Ngaundare, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya sauka da kumburarriyar ƙafa ya hau sikeli. Na biyu kaya: tatami, wato shimfiɗar filin gasa, safar hannu ja da shuɗiya, kariyar ƙwauri da ƙafa, ta ƙirji, ta haƙori. Wanda ya saba da siminti, ranar da ya fara taka tatami tazararsa takan rikice.

Na uku laifinmu ne. Kowa so yake ya zama metir, ba mai son zama alƙalin wasa ko sakatare. Jihar da ba ta da alƙalai masu takarda ba ta sanin sabuwar doka sai ranar da aka hukunta ɗanta da ita. Kuma a taron zaɓen lig da na federasiyon, kulob mai rajista ne ke da murya. Gari guda sai ka tarar da kulob da yawa, malamansu ba sa ga maciji da juna, mafi yawa ba rajista, sannan a zauna a majalisa ana cewa an manta da arewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba kuma a ce ɗan arewa ba ya kaiwa sama a harkar wasanni ba: Kanar Hamad Kalkaba Malboum, ɗan yankin Kusseri, ya hau shugabancin Kwamitin Olamfik na Kamaru a 2001.

Ana gwajin ƙwaya a karate?

Ana yi a manyan gasanni, bisa dokar hukumar WADA. Tiramol ya shiga jerin abubuwan da aka haramta lokacin gasa daga 1 ga Janairu 2024. Ƙwayoyin sa fitsari da wasu ke sha don rage nauyi kafin awo haramun ne a kowane lokaci, ga haɗari a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu. Yaron da likita ya ɗora a kan magani ya gaya wa kocinsa tun kafin a yi rajista.

In alƙali ya zalunce mu, ko aka yi maguɗi a zaɓen lig, ina za mu kai kuka?

A fili, ɗan wasa ba ya jayayya da alƙali, uba ma haka. Wanda ya yi rashin ɗa'a yana iya samun shikkaku, a kore shi daga gasar gaba ɗaya. Koci ne kaɗai ke da baki. A manyan gasanni yana da damar neman a duba bidiyo in yana ganin an hana ɗansa maki. In kuma doka aka karya, misali aka ƙara lokaci ko aka sa wanda ba ajinsa ba, sai ya shigar da ƙara a rubuce nan take bayan wasan, tare da kuɗin ajiya. "Ni dai na ga ya shiga" ba ƙara ba ce.

Rigimar zaɓe ko dakatarwa tana farawa ne daga kwamitocin hukumar kanta. In ba a gamsu ba, Kwamitin Olamfik na Kamaru yana da zauren sasantawa da yanke hukunci, wanda masu bin labarin ƙwallon ƙafa suka sha jin sunansa. Daga nan sai kotun wasanni ta duniya, TAS, a Lozan ta ƙasar Suwizalan, inda kuɗin lauya kaɗai ya fi ƙarfin kulob ɗin unguwa. Kowane mataki yana da wa'adin kwanaki, in ya wuce ba a saurare. Kuma abin da za a fara tambayarku a kowane teburi shi ne takardar rajistar kulob, da lisans na kakar da ake ciki, da rasit ɗin kuɗin da kuka biya.